Wa Zai Ji Koken Mazauni? Jawabi a Taron Reshe Kan Shirin Gidajen Malamai



An nemi in yi magana a kan gidaje, tun da ƙungiyar gama-kai ta wannan reshe ta ɗauko batun sayen fili da gina rukunin gidaje ga mambobi. Na san abin da kunnuwa ke jira: nawa ne fuloti, nawa za a riƙa cirewa a albashi, shekara nawa za a yi ana biya. Ma'aji da kwamitinsa za su amsa waɗannan, sun kuma fi ni sanin lissafi. Tawa maganar tana farawa ne daga ranar da aka gama rabon makullai. Idan magudana ta toshe, ruwa ya kwanta a ƙofar gidan matar da mijinta ya rasu, wa za ta gaya wa? Wa ya zama wajibi ya amsa mata, kuma cikin kwana nawa?

Zan ɗauke ku zuwa Ingila domin wannan tambaya. Dalili shi ne sun fi shekara ɗari da hamsin suna gwada irin abin da muke shirin farawa, kuma inda suka yi ɓarna an bincika a bainar jama'a, an rubuta, kowa na iya karantawa. A can akwai ƙungiyoyin samar da gidaje da ba na gwamnati ba ne, ba kuma na neman riba ba. Suna gina gidaje ko su karɓe su daga ƙananan hukumomi, su bayar haya da rangwame, rarar da aka samu ta koma cikin gyara da sabon gini. Ɗaya daga cikin tsofaffinsu wani attajiri ɗan Amurka, George Peabody, ya kafa ta a Landan a 1862, tana nan har yau. A yanzu gidajen da ke hannun irin waɗannan ƙungiyoyi a Ingila sun haura miliyan biyu.

A 1865 wata mata mai suna Octavia Hill ta karɓi gidaje uku a wani lungu na talakawa a Landan, da kuɗin da marubuci John Ruskin ya zuba. Gidajen sun lalace, masu su na da ba abin da ke kawo su sai karɓar haya. Ita sai ta riƙa zuwa da ƙafarta kowane mako tana karɓar kuɗin, daga baya ta horar da wasu mata suna yin haka. Mai karɓar haya kowane mako dole ta hau matakalar da ta karye, ta shaƙi warin magudanar da ta toshe, ta san gidan da ake jinya da gidan da maigida ya rasa aiki. Ta kuma ware wa gidajen wani kaso na kuɗin gyara a kowace shekara, in an yi tattali wani abu ya rage, 'yan hayar ne ke faɗin abin da za a yi musu da shi. Wanda ya san ragowar tasa ce ba zai bar yaro ya fasa taga yana kallo ba. Kada a ɗauka waliyyiya ce. Tana korar wanda ya ƙi biya, tana kallon 'yan haya kamar yaran da ake tarbiyyantarwa, har ma ta yi adawa da ba mata ƙuri'a. Amma ta gane cewa ba a gudanar da gida daga nesa, kuma zan komo kan wannan idan na zo maganar cire kuɗi daga albashi.

Yanzu mu je Rochdale, wani gari kusa da Manchester. Duk wanda ya taɓa koyar da tarihin ƙungiyoyin gama-kai ya san sunan. A nan ne ma'aikata 28, da yawansu masaƙa, suka tara fam ɗaya ɗaya, suka buɗe ɗan kanti ranar 21 ga Disamba 1844, suna sayar da gari da sukari da man shanu da kyandir. Ƙa'idar da ƙungiyarmu ke tafiya a kai, cewa mamba ɗaya ƙuri'a ɗaya komai yawan jarinsa, a hannunsu ta yi suna ta bazu duniya. Cikin manufofin da suka rubuta tun farko har da gina wa mambobi gidaje. Saboda haka ba abin mamaki ba ne da a 2012 ƙaramar hukumar garin ta miƙa gidajenta, sama da dubu goma sha biyu, ga wata ƙungiya mai suna Rochdale Boroughwide Housing, aka kuma tsara ta ta zama mallakar 'yan haya da ma'aikatanta tare. Suna zaɓen wakilai, wakilan suna da hannu wajen naɗa masu gudanarwa. A takarda, da wuya a sami tsarin da ya fi wannan ba mazauni murya. Da an kawo mana shi a wannan zaure, da mun tafa.

A ɗaya daga cikin gidajen wannan ƙungiya wani magidanci da ya zo daga Sudan yake zaune da iyalinsa, a gida mai ɗakin kwana ɗaya. Tun 2017 ya kai kuka cewa fumfuna ta kama bango saboda laima. Aka ce ya shafa fenti. Ya shafa, ta dawo. Aka haifa musu ɗa, Awaab Ishak, a Disambar 2018, yaron ya tashi da tari da toshewar numfashi. Wata ma'aikaciyar lafiya ta rubuta wa ƙungiyar a 2020 tana nuna damuwa. Iyalin suka ɗauki lauya, sai wannan ma ya zame musu cikas, domin al'adar ƙungiyar a lokacin ita ce idan magana ta je hannun lauya a jingine gyara har sai an daidaita. Yaron ya rasu ranar 21 ga Disamba 2020, kwana takwas bayan ya cika shekara biyu. A Nuwambar 2022 jami'ar da ke binciken musabbabin mutuwa ta yanke cewa daɗewar da ya yi yana shaƙar fumfunar gidan ce ta kashe shi.

Abin da ya fito a binciken shi ya fi ci mini rai. Ma'aikatan ƙungiyar sun ɗora laifin laimar a kan yanayin rayuwar iyalin, har suka yi zaton irin wankansu na ibada ne ke jiƙa gidan, ba tare da sun tambaye su ba. Ga shi kuwa gidan ba shi da isasshiyar mafitar iska a banɗaki da madafa. Wato an ga baƙo, an ji harshensa bai nuna ba, sai aka yanke masa hukunci kafin a dubi bangon. An sallami shugaban ƙungiyar a wannan wata na Nuwamba. Majalisar wakilan mazauna kuwa tana nan duk tsawon shekarun nan, tana zama, ana rubuta bayanan taro. Kukan wannan magidanci bai sami hanyar da zai bi ya tilasta wa kowa ya motsa ba.

Shekara uku da rabi kafin rasuwar yaron, a daren 14 ga Yuni 2017, wani bene mai hawa 24 da ake kira Grenfell a yammacin Landan ya kama wuta, mutum 72 suka rasu. Wutar ta tashi daga firji a hawa na huɗu, ta bi wani rufin ado mai saurin kamawa da aka lulluɓe bangon waje da shi lokacin kwaskwarima, ta haye har sama cikin ƙanƙanen lokaci. Benen na ƙaramar hukuma ne, amma wata ƙungiya ce ke gudanar da shi, kuma mafi yawan kujerun hukumar gudanarwarta na mazauna ne. Duk da haka, wasu mazauna benen da suka haɗa kansu sun yi shekaru suna kuka a kan haɗarin gobara, har a Nuwambar 2016 suka rubuta a shafinsu na intanet cewa ba za a saurare su ba sai wani babban bala'i ya auku. Rahoton ƙarshe na kwamitin bincike, wanda ya fito a Satumbar 2024, ya ce duk mutuwar nan da an iya kauce mata, ya kuma nuna cewa masu gudanarwa sun ɗauki wasu daga cikin masu koken a matsayin 'yan tayar da zaune tsaye. Hausawa sun riga sun faɗa, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A Grenfell mai ɗakin ya sani, ya kuma faɗa da babbar murya, aka ce fitinarsa ta yi yawa.

Akwai wani ɓangare na wannan dare da ya kamata a ambata. Cikin watan azumi ne, wutar kuma ta tashi gab da ƙarfe ɗaya na dare, lokacin da Musulmi da yawa a benen da kewayensa ba su kwanta ba. Wasunsu suka bi ƙofa ƙofa suna bugawa suna tayar da maƙwabta. Da gari ya waye, masallatai da majami'u da zaurukan unguwa ne suka buɗe ƙofa, suka tara abinci da sutura, tun hukuma ba ta gama farfaɗowa ba. Wanda ya san cewa a ɗaki kaza akwai tsohuwar da ba ta iya sauka matakala, ba a ofis ya samo wannan sani ba. Gaisuwar safe da ta yamma ce ta ba shi.

Me Ingila ta yi bayan waɗannan? A 2023 majalisarsu ta yi doka, aka sa wa wani sashe nata sunan Awaab, ya fara aiki a Oktoban 2025. Ba ta ƙara yawan kujerun mazauna a kwamiti ba, domin kujeru ba su ne suka yi ƙaranci ba. Wa'adi ta sa. Idan haɗari na gaggawa ne, dole mai gidan ya duba ya kawar da shi cikin sa'a 24. Idan laima ce da fumfuna masu cutarwa, dole a bincika cikin ranakun aiki goma, a ba ɗan haya sakamakon a rubuce, a kuma yi gyaran cikin kwanakin da aka ƙayyade. In an saɓa, yana da hurumin zuwa kotu. Sai da aka rasa rayuka kafin a kai ga abin da kowane hedimasta ya sani tun a makon farko na aiki, cewa aikin da ba a sa masa rana ba, ba a kuma ɗora wa wani da sunansa ba, ba a yinsa.

To, mu dawo gida. Ba mu da bene mai hawa 24, laimarmu kuma ta damina ce, wata huɗu ko biyar. Amma mun san rukunin gidaje. Mun ga gidajen Shagari na farkon shekarun 1980, mun ga waɗanda gwamnatocin jihohi suka gina suka sayar wa ma'aikata, wasunmu kuma ana cire musu kashi 2.5 cikin ɗari na albashi zuwa Asusun Gidaje na Ƙasa da aka kafa a 1992. Duk wanda ya zaga irin waɗannan rukunai ya ga abu guda. Cikin gida tsaf, an sa tayil, an ɗaga katanga, an yi fenti. Da ka fito ƙofa sai ka tarar kwalbati ta rufta, bola ta cinye kwana, taransifoma ta ƙone wata uku ana jiran wanda zai fara karo-karo, filin da aka ware wa makaranta ko wasan yara ya rikiɗe ya zama jerin shaguna, ba wanda zai iya cewa ga ranar da aka yanke shawarar haka. Abin da ke na mutum ɗaya yana samun mai kula. Abin da ke na kowa shi ke mutuwa.

A tsohuwar unguwa ta cikin gari ba haka abin yake ba, ko da yake ita ma ta fara canzawa. Akwai mai unguwa, akwai dattawan da ake jin nauyinsu, akwai aikin gayya na yashe kwata kafin ruwa ya sauka, kowa kuma ya san kakan kowa. Ba wanda ya zauna ya rubuta wannan tsari, shekaru ne suka gina shi. Rukunin da muke shirin ginawa ba zai gaji ko ɗaya daga ciki ba. Mutanen da za su zauna a cikinsa takardar albashi ce kawai ta haɗa su: wannan daga wannan ƙaramar hukuma, wancan daga waccan, wani Musulmi, wani Kirista, wani an haife shi a jihar, wani aiki ya kawo shi. Abin da unguwa ta samu a gado, mu sai mun zauna mun tsara shi da gangan, kuma lokacin yin haka shi ne yanzu da ba a aza tubali ba, ba wanda ya san gidan da zai faɗo masa, saboda haka ba wanda ke kare ƙofarsa.

Na ce zan komo kan cire kuɗi daga albashi. Wannan ita ce babbar ni'imar shirinmu, domin ba bin bashi, ba jin kunya, kuɗi na shiga asusu kafin su taɓa hannun mai su. Amma ku dubi abin da ke tattare da ita. Octavia Hill dole ta je ƙofar mutum kafin ta sami kuɗinta, in ta je kuma dole ta ji abin da zai faɗa. Namu kwamitin zai karɓi kuɗinsa cif kowane wata ko da bai taka rukunin ba shekara guda. Mazaunin da aka yi watsi da kokensa ba shi da ko damar cewa ba zan biya ba sai an gyara. Tun da mun ɗauke masa wannan makami, wajibi ne mu ba shi wani a madadinsa. Abin da nake nema shi ne a rubuta a kundin tsarin rukunin cewa za a ajiye littafin koke, irin rajistar da muka saba da ita a aji: ranar da aka kawo, wanda ya kawo, wanda aka ɗora wa, ranar da ya kamata a gama. Abin da ya shafi rai, kamar wayar lantarki da ta faɗo ko bangon da ya tsage ko masai da ya ɓalle, a duba shi cikin kwana ɗaya. Sauran a ba su mako biyu. A kowane taron mazauna a buɗe da karanta koken da wa'adinsu ya wuce, da sunan wanda ke riƙe da su, kafin a shiga rahoton kuɗi da godiya ga manyan baƙi.

Akwai wata matsala da ta keɓanta da mu malamai, zan faɗe ta da neman afuwar shugabannina da ke zaune a nan. Mu a wurin aiki muna da manya da ƙanana. Idan shugaban kwamitin rukuni shi ne hedimastan makarantarka, ko jami'i ne a ofishin sakataren ilimi wanda takardar ƙarin girmanka ko ta canjin wurin aiki za ta bi ta teburinsa, da wane baki za ka tashi a taro ka ce masa kuɗin rijiyar burtsatse ba su cika ba? Ƙaramin malami zai haɗiye maganarsa, ya je gida ya faɗa wa matarsa. Ba ina zargin kowa ba ne, tsari nake magana a kai. A yi zaɓen kwamiti ta ƙuri'ar sirri, a iyakance wa'adinsa, a kuma raba kwamitin da ya kula da gini da wanda zai kula da zama. Wanda ya ba ɗan kwangila aiki ba shi ya dace ya karɓi koke a kan aikin ɗan kwangilar ba, domin kowane tsagewar bango zai ji ta kamar tuhuma ce a kansa. Da yawa daga cikin taurin kan da aka gani a Grenfell daga nan ya samo asali: waɗanda suka jagoranci kwaskwarimar su ne ake kai wa ƙara a kanta.

Sai tambayar wane ne mazauni. A ƙa'idar gama-kai mamba ke da ƙuri'a, wannan daidai ne a kan jari da bashi. Amma malami ana yi masa canjin wurin aiki. Cikin 'yan shekaru wasu gidajen za su koma hannun 'yan haya, wasu hannun magada. Ɗan hayar da ke shan ruwan rijiyar, yake biyan kuɗin 'yan sintiri, 'ya'yansa ke tsallake kwatar, in aka ce ba shi da bakin magana domin ba malami ba ne, to mun ƙirƙiro namu baƙon da za a yanke wa hukunci kafin a dubi bangonsa. Ina ganin a kan al'amuran zama, ƙuri'a ta bi gida, wanda ke kwana a ciki shi ke jefa ta. Haka matar mamban da ya rasu, kujerar gidan tata ce, kada a ce sai ta nemo wani namiji daga dangin miji ya yi magana a madadinta.

Wannan ya kawo ni ga iyayenmu mata. Malamai mata suna da yawa a wannan reshe, matan malamai kuma su suka fi kowa daɗewa a cikin rukuni a kowace rana. Su suka san ƙarfe nawa famfo ke ɗaukewa, wane lungu ne yara ke tsoro da magariba, wane gida ne aka kwana biyu ba a ga hayaƙi ba. Idan aka mayar da taron mazauna hirar ƙofar masallaci bayan sallar isha'i, kamar yadda aka saba, an fitar da su ke nan ba tare da an ce su fita ba, an kuma fitar da maƙwabtanmu Kiristoci tare da su. A sa taro da rana, ranar da ba aiki, a wurin da kowa zai iya shiga. A ware wa mata kujeru a kwamiti, kuma kada a tsaya a kujerar shugabar mata da ake tunawa da ita ranar girki kaɗai. A ba su ta ma'aji ko ta mai riƙe da littafin koke.

Wurin taron kansa sai an tanade shi tun a taswira. Na ga zanen farko da aka zagaya da shi, na kuma san za a matsa wa kwamiti lamba ya yanka kowane taƙi ya zama fuloti, saboda masu nema sun fi filin yawa. Ina roƙon a bar fili guda a tsakiya, a dasa darbejiya tun bana, a rubuta a takardar mallaka cewa na mazauna ne baki ɗaya, ba a sayar da shi ko a canza masa aiki sai da yardar kashi biyu cikin uku na gidaje. A nan yara za su yi ƙwallo, a yi suna da ɗaurin aure da zaman makoki, a nan malamin da ya ajiye aiki zai tara 'yan aji shida ya yi musu bitar jarrabawa da yamma. Mutanen da suka saba haɗuwa a inuwa ɗaya ba sa wahalar taruwa ranar da taransifoma ta ƙone.

Kuɗin gyara kuma a fara tara shi daga watan farko, a asusu dabam da na biyan bashin gini, a liƙa lissafinsa inda kowa zai gani. Abin da ya rage a ƙarshen shekara a kawo shi gaban mazauna su zaɓa, ko fitilun sola a kan layi, ko ƙarin tanki, ko cike ramukan hanya.

Daftarin kundin da aka raba mana ya yi bayani mai kyau a kan biya da hukuncin wanda ya gaza biya. Ina ba da shawara, ya shugaba, a kafa ƙaramin kwamiti da zai ƙara masa babi a kan haƙƙin mazauni kafin babban taro mai zuwa, a sa a cikinsa malami ɗaya da bai kai shekara biyar a aiki ba, da malama, da ɗaya daga cikin iyayenmu da suka ajiye aiki, da ɗaya daga cikin matan 'yan uwanmu da suka riga mu gidan gaskiya. A karanta babin a wannan zaure da Hausa da Turanci, a yi masa gyara, sannan a fara karɓar kuɗin fuloti.